Shawara ga Mai Gina Kanel: Direban da Ya Dogara da Abin da Ba Dole Ba

Ƙanena mai haɗa na'ura, shafin yau naka ne. Ina nufin kai da ka sayi ƙaramin allon kwamfuta irin Raspberry Pi, ka ɗora masa Linux, kana so ya zauna a gona ko a ɗakin batir yana lura da famfon sola, yana rubuta lokacin da ya tashi da lokacin da ya tsaya, yana turo maka saƙo ta layin waya. Aiki ne da kudancin Kano ke buƙata ƙwarai. Daga madatsar ruwa ta Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, zuwa fadamun shinkafa na Tudun Wada da gonakin Doguwa, noman rani da injin ban-ruwa yake tafiya, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 hankalin manoma da yawa ya koma kan sola. Famfon da babu mai tsaronsa dare da rana yana buƙatar na'urar da za ta faɗi gaskiyar halin da yake ciki.

Muddin Linux ɗin da aka ba ka a shirye kake amfani da shi, ba za ka haɗu da abin da zan yi magana a kai ba. Sai ranar da ka ce za ka gina kanel da kanka, wato zuciyar tsarin da ke magana da ƙarfen na'ura kai tsaye. Dalilan yin hakan masu kyau ne. Kana so na'urar ta tashi da sauri bayan batir ya mutu ya farfaɗo, ko kana so ka rage nauyi a katin memori, ko ka rubuta ɗan direba naka saboda wani ma'aunin ruwa da kanel bai san shi ba. A nan za ka lura allunan da kake kai wa mutane ba iri ɗaya ba ne. Na mai gidan kaji a Kwanar Dangora yana da modem da ma'aunin zafi, na manomin Kiru modem kawai gare shi, na wani kuma ba shi da ko ɗaya. Kai kuwa kanel guda kake so ya ɗauke su duka. Ke nan direbanka zai yi amfani da wani sashe idan yana nan, ya ci gaba da aikinsa idan babu.

Tushen rikicin shi ne kowane direba a Linux yana iya zama cikin hali uku, ba biyu ba. Tsarin zaɓi na Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta aka shigar da shi a 2002, yana ba ka haruffa uku. Harafin y yana nufin a gina abin a jikin kanel. Harafin m yana nufin a gina shi daban a matsayin modul, fayil mai ƙarewa da .ko da ake lodawa bayan kanel ya tashi. Harafin n kuma a bar shi gaba ɗaya. Ka ɗauka kamar tarakta ce: y shi ne ƙarfen da aka yi wa walda a jikinta, m kuwa garmar da ake ratayawa da fil idan an isa gona. Garma tana iya jingina da jikin tarakta, amma ƙarfen da aka yi wa walda ba zai jingina da garmar da ba a kawo ba tukuna.

A harshen kanel, lambar da ke y ba za ta kira fankshin da ke cikin modul ba. Idan ka gwada, gini zai tafi lafiya har kusan ƙarshe, sai a wajen ɗinke fayil ɗin vmlinux ka ga `undefined reference to` da sunan abin da aka rasa. Idan kuwa direbanka modul ne kuma abin da yake kira an kashe shi da n, modpost ne zai tsayar da kai da kalmar `undefined!`. Wannan kuskuren mai arha ne, domin a kan teburinka ya same ka, ga wuta, ga kwamfuta, ga lokaci. Wanda nake tsoro a madadinka shi ne wanda ba ya magana.

Bari in ba ka misalinsa daga abin da kusan kowa a wannan sana'ar ke saya. Allunan Raspberry Pi kafin na biyar da ya fito a 2023 ba su da agogon da ke riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke, sai sun tambayi intanet. A wurin da sabis ke zuwa yana tafiya, kamar gefen dajin Falgore, wannan ba abin dogaro ba ne, don haka ake maƙala musu ɗan agogo mai batir na DS3231 ta layin I2C. Direban da ke kula da shi sunansa rtc-ds1307. Shi wannan agogon yana da ma'aunin zafi a cikinsa, wanda yake gyara lissafin lokacinsa da shi, kuma direban yana fito maka da wannan ma'aunin ta sashen kanel mai suna HWMON. Garaɓasa ce mai amfani, domin akwatin da ke rufe a rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, yana kashe batir yana lalata allo. Ma'aunin ba na asibiti ba ne, yana iya kaucewa da digiri uku sama ko ƙasa, amma ya isa ya gaya maka akwati ya yi zafi.

To ga inda abin yake. Kai da hankalinka za ka ce agogo ya zama y, saboda lokaci ya daidaita tun farkon tashi. HWMON kuma ka bar shi m, don ba ka ga gaggawarsa ba. A cikin direban, an kewaye lambar ma'aunin zafin da `IS_REACHABLE(CONFIG_HWMON)`. Ma'anarsa: idan zan iya kaiwa ga HWMON daga inda nake, a gina wannan ɓangaren, in ba haka ba a tsallake. Tun da agogo na jiki ne HWMON kuma modul, ba zai iya kaiwa ba, sai a tsallake. Gini zai kammala ba gargaɗi ko ɗaya. Agogo zai yi aiki. Za ka loda modul ɗin HWMON ya lodu lafiya. Amma fayil ɗin temp1_input na agogon ba zai taɓa bayyana a /sys/class/hwmon ba. Idan manhajarka ta sama an rubuta ta ne ta yi shiru in ba ta ga fayil ba, na'urar za ta zauna a Riruwai wata da watanni ba ta aiko da labarin zafi, kai kuma kana zaton babu zafin ne. Ranar da ka gane, gyaran harafi ɗaya ne a fayil ɗin .config, amma kafin ka isa wurin ka yi tafiyar sa'o'i ka ratsa daji.

Maganin wannan misalin dai gajere ne: ka mai da HWMON ya zama y, ko ka mai da agogon m. Ni na fi son na farko a na'urar da za ta zauna nesa, domin HWMON ba shi da nauyin da zai dame ka. Amma darasin ya fi misalin faɗi, musamman idan kai ne marubucin direban.

Idan direban naka ne, ka sa Kconfig ya hana haɗin da ba zai yiwu ba tun daga tushe. Hanyar da masu kanel suka saba ita ce wannan, mu ce sunan direbanka MAAUNIN_RUWA:

```
config MAAUNIN_RUWA
	tristate "Ma'aunin ruwa"
	depends on I2C
	depends on HWMON || !HWMON
```

Layin ƙarshe yana ruɗa duk wanda ya fara ganinsa. Ya za a ce abu ya dogara da kasancewar HWMON ko rashinsa, ai kullum ɗaya daga ciki gaskiya ne? Da haruffa biyu ne kawai, da haka ne. Amma Kconfig yana lissafa n a matsayin 0, m a matsayin 1, y a matsayin 2. Alamar motsin rai tana nufin a cire adadin daga 2, sanduna biyun kuma suna nufin a ɗauki mafi girma. Yi lissafin da kanka. Idan HWMON y ne, kana da 2 da 0, mafi girma 2, direbanka yana da 'yancin zama duk abin da kake so. Idan n ne, 0 da 2, amsar dai 2 ce, 'yanci cikakke. Idan kuwa m ne, 1 da 1, amsar 1, wato direbanka ba zai wuce m ba. Haɗin nan guda ɗaya mai cutarwa, direba a jiki abin dogaronsa a modul, shi kaɗai aka toshe. Mai zaɓi a menuconfig zai danna y ya ga abin ya ƙi, ya duba dalili, ya gane sai ya ɗaga HWMON tukuna. An tilasta masa ya yanke shawara da idonsa a buɗe.

Ba sabon abu ba ne. Ka buɗe fayil ɗin Kconfig na net/wireless za ka ga CFG80211, ginshiƙin kusan duk direbobin Wi-Fi, yana ɗauke da `depends on RFKILL || !RFKILL`. Wasu kan rubuta `HWMON || HWMON=n`, ma'anar ɗaya ce. Takardar bayanin harshen Kconfig da ke cikin babban fayil na Documentation/kbuild tana da sashe a kan wannan salon, kuma ya cancanci ka karanta shi sau biyu. Ina ba ka shawara ka sa layin sharhi a saman naka, saboda wanda zai gaji aikin bayanka kada ya ɗauka kuskure ne ya goge.

Akwai rami guda a nan da ya kamata ka sani. Dabarar tana aiki ne idan direbanka mai hali uku ne. Idan zaɓin naka `bool` ne, mai y ko n kawai, Kconfig yana ɗaga m ya koma y, sai katangar ta rushe ba ka sani ba. A irin wannan sai ka faɗi abin da kake nufi ɓaro-ɓaro. Direban katin sadarwa na Intel mai suna igb ya yi haka: ƙaramin zaɓinsa na IGB_HWMON yana ɗauke da sharaɗin `!(IGB=y && HWMON=m)`, wato kada a kunna ma'aunin idan uban direban na jiki ne HWMON kuma modul. Wannan salon yana da wata fa'ida. Ɓangaren da ba dole ba ya samu sunansa na kansa a .config, don haka za ka iya dubawa ka ga a kunne yake ko a kashe, ba sai ka tona lambar C ba.

Kada ka ce ai `select` zai raba gardama. Shi `select HWMON` yana kunna HWMON da ƙarfi duk lokacin da aka kunna direbanka, kuskuren ɗinki ya ɓace, amma abin ya daina zama na zaɓi, ya zama dole a kan kowa, har da wanda allonsa ba shi da ma'aunin. Mafi muni, `select` ba ya duba ko abin da ya kunna yana da nasa sharuɗɗan. Yana iya kunna sashen da ƙafafunsa ba su nan, ka ga gargaɗin `unmet direct dependencies`, ko ka faɗa zagayen da wannan ke jan wancan wancan ke jan wannan. Ka bar `select` ga ƙananan taskokin lamba da ba sa bayyana a menu kuma ba su dogara da komai ba.

Haka ma `imply`, kuma tarihinsa abin koyi ne. Nicolas Pitre ya kawo shi a 2016 saboda direbobin sadarwa masu yawa da ke amfani da agogon PTP na daidaita lokaci tsakanin na'urori, domin a samu damar kashe shi a ƙananan tsare-tsare. Daga baya, a 2020, aka sassauta ma'anarsa yadda abin da aka yi wa `imply` zai iya zama m ko da mai kiransa y ne, wato ya zama shawara kawai, ba katanga ba. Kurakuran gini suka ci gaba da fitowa, har a 2021 Arnd Bergmann ya kawo wani zaɓi ɓoyayye mai suna PTP_1588_CLOCK_OPTIONAL, wanda ke yin lissafin nan na 0, 1 da 2 a wuri guda, kowane direba ya dogara da shi. Idan kana da direbobi uku ko huɗu da duk suke jingina da sashe ɗaya, ka kwaikwayi wannan: ka ƙirƙiri zaɓi ɗaya mai ɗauke da sharaɗin, sauran su kira sunansa.

Yanzu mu shiga lambar C, domin Kconfig ya toshe haɗi ɗaya ne kawai, bai gaya wa direbanka abin da zai yi idan HWMON n ne ba. Kuskuren farko da ake yi shi ne rubuta `#ifdef CONFIG_HWMON`. Idan HWMON modul ne, sunan da ake ayyanawa CONFIG_HWMON_MODULE ne, ba CONFIG_HWMON ba, don haka gwajin naka zai ce babu alhali akwai. Ga wani shiru mai cutarwa ke nan. Abin da ya dace shi ne IS_ENABLED, wanda ke amsa e ko y ne ko m. Kuma in da hali ka sa shi cikin `if` na C na yau da kullum, ba `#if` ba:

```
if (IS_ENABLED(CONFIG_HWMON))
	maauni_rajistar_zafi(dev);
```

Amfanin haka shi ne mai harhaɗa lamba zai karanta ɓangaren ya duba kurakuransa a kowane gini, sannan ya zubar da shi idan sharaɗin ƙarya ne. Lambar da aka ɓoye a bayan `#if` kuwa tana iya ruɓewa shekara guda ba wanda ya lura, sai ranar da wani ya kunna ta. Takardar salon rubutun lamba ta kanel ita ma wannan hanyar ta fifita.

Idan kai ne mai samar da sashen da wasu za su jingina da shi, ka sa musu fankshin na riƙon ƙwarya a fayil ɗinka na .h: idan sashen a kashe yake, a samu `static inline` mai suna iri ɗaya da ba ya yin komai sai mayar da amsa. Ka yi tunani sosai a kan amsar. Mayar da 0 yana nufin komai ya tafi daidai, kuma ya dace ne kawai idan rashin abin ba ya canza komai ga mai kira. Idan mai kira yana buƙatar ya sani, ka mayar da -ENODEV ko -EOPNOTSUPP, shi kuma ya bambance wannan amsar da kuskure na gaske.

To ina matsayin IS_REACHABLE, tun da manyan direbobi ma suna amfani da shi? Yana da wurinsa. Akwai lokacin da direba dole ne ya zama na jiki, kamar wanda ake buƙata kafin a buɗe katin memori, kuma ba ka so wani ƙaramin ƙari ya ja shi ya koma modul. A nan ya halatta. Amma ra'ayina shi ne duk wanda ya yi amfani da shi ya ɗauki bashin bayani. Ka rubuta a sashen taimako na Kconfig cewa ɓangare kaza ba zai yi aiki ba idan an haɗa y da m. Ka kuma sa layi ɗaya na `dev_info` da zai faɗa a dmesg cewa an tsallake ma'aunin zafi saboda kaza. Layi ɗaya ne, amma shi ne zai sa yaron shagon da ka tura ya karanto maka ta waya ka gane matsalar kana zaune.

Duk abin da na faɗa zuwa nan a kan gini ne. Saura abin da ke faruwa idan an kunna allon, domin kanel yana iya ɗauke da komai amma ƙarfen ne babu. A allunan ARM, fayil ɗin bishiyar na'ura ne ke gaya wa kanel abin da ke maƙale da inda yake. A Raspberry Pi, alal misali, layin `dtoverlay=i2c-rtc,ds3231` a config.txt shi ne ke sanar da agogon nan. Direbanka zai nemi abubuwa kamar ƙafar GPIO ta sake kunna modem, ko bugun agogo, ko mai daidaita wuta, waɗanda wani allon yana da su wani babu. Kanel ya tanadi masu neman da ba sa tilastawa: `devm_gpiod_get_optional` da `devm_clk_get_optional` suna mayar da NULL idan bishiyar ba ta ambaci abin ba, kuma sauran fankshin na GPIO da na agogo suna karɓar NULL su wuce ba tare da ɓarna ba. Ka kula da `devm_regulator_get_optional`, domin duk da kamar suna, halinsa daban ne: idan babu, kuskuren -ENODEV yake mayarwa, kai za ka tare shi da hannunka.

Babban abin da nake so ka riƙe a wannan ɓangaren shi ne bambanci tsakanin babu da bai iso ba tukuna. Idan bishiya ta ce akwai ƙafar GPIO amma direban da ke samar da ita modul ne da ba a loda ba, za a mayar maka da -EPROBE_DEFER, wanda lambarsa a dmesg take fitowa -517. Tsarin jinkirin nan ya shigo kanel a 2012, kuma ma'anarsa a dakata a sake gwadawa. Marubuci mai gaggawa yakan ce ai abin ba dole ba ne, duk kuskuren da ya zo a share a ci gaba. Sakamakon shi ne na'urar da yau ta tashi da modem gobe ta tashi babu, gwargwadon wanda ya riga wani loduwa. Irin wannan ciwon mai zuwa yana tafiya ya fi kowane wuyar kamawa. Ka mayar da -EPROBE_DEFER sama yadda ya zo, ta hanyar `dev_err_probe`, wanda ke ajiye dalilin jinkirin. Idan wata na'ura ta ƙi bayyana, ka buɗe /sys/kernel/debug/devices_deferred, za ka ga jerin masu jira da abin da suke jira.

Wasu tarkuna biyu ba a direbanka suke ba, amma danginsu ɗaya. Na farko `make localmodconfig`, wanda mutane ke so saboda yana rage lokacin gini sosai, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ga mai aiki da batir ɗin laftof. Yana duba modul ɗin da ke lode a wannan lokacin ne ya kashe sauran. Idan modem ɗinka ko wayar USB ta inbata ba a soke suke ba lokacin da ka kira shi, direbobi irin option, qmi_wwan, ch341 da cp210x za su tafi, ba za ka sani ba sai a gona. Ka soke duk abin da kowane kwastoma zai iya amfani da shi kafin ka kira umarnin, ko ka mayar da su da hannu. Na biyu firmwaya, wato fayil ɗin da wasu katunan Wi-Fi ke buƙata a zuba musu kafin su yi aiki. Idan ka mai da direban y, yana iya neman fayil ɗin tun kafin a buɗe katin memorin da yake ciki, ya rasa, ya haƙura. Ko ka bar irin wannan direban m, ko ka cusa fayil ɗin cikin kanel ta CONFIG_EXTRA_FIRMWARE, ko ka sa shi a initramfs. Ka ga ke nan y ba kullum ya fi m aminci ba.

Sai gwaji. Mutane suna gina allyesconfig da allmodconfig su ce sun gwada, alhali a na farko komai y ne, a na biyu kusan komai m ne, matsalarmu kuwa a gauraye take zaune. Ba sai ka gina duniya ba. Ka ɗauki ƙaramin tsarin allonka, ka yi amfani da scripts/config ka sauya haruffa biyu kawai, na direbanka da na abin dogaronsa. Direba y ko m, abin dogaro y, m ko n, haɗi shida ke nan. Bayan kowane sauyi ka kira `make olddefconfig`, sannan ka buɗe .config ka duba da idonka, gani ya kori ji, domin Kconfig yana iya canza abin da ka rubuta idan sharaɗi bai cika ba. A haɗin direba y da abin dogaro m, abin da kake so ka gani shi ne ya saukar da direbanka zuwa m da kansa. Kuma ka bar ginin ya kai ƙarshe, har vmlinux da modul, saboda harhaɗa fayil ɗin direbanka shi kaɗai ba ya nuna kuskuren ɗinki. Ka sa ccache, ka ware kowane gini a nasa babban fayil da `O=`, gini na biyu zuwa na shida ba za su ci maka batir kamar na farko ba. Idan kana da niyyar aika direban ga masu kanel wata rana, ka sani injin gwaji na Intel da ake kira kernel test robot yana gina tsare-tsaren da aka zaɓa da ka, ba dare ba rana, kuma irin wannan kuskuren yana cikin abin da ya fi kamawa. Kai ma za ka iya kiran `make randconfig` a daren da wuta ta zauna.

Ka tuna kuma abin da ba dole ba ne a lokacin gini yana zama dole a lokacin lodawa. Idan ka gina direbanka da HWMON duka a matsayin modul, fayil ɗin .ko naka ba zai lodu ba sai hwmon.ko yana nan. `modprobe` yana jawo shi da kansa ta jerin da depmod ya rubuta, `insmod` kuwa zai ce maka `Unknown symbol` ya tsaya. Don haka kada ka kwafi fayil ɗaya a filashi ka tura wa wani a Tudun Wada ka ce ya saka. Kanel da modul ɗinsa tare suke tafiya, daga gini ɗaya, ta `make modules_install`.

Kafin akwati ya bar hannunka, ka kunna CONFIG_IKCONFIG da CONFIG_IKCONFIG_PROC, yadda kanel zai ɗauki kwafin zaɓin da aka gina shi da su a /proc/config.gz. Ka ajiye sakamakon `make savedefconfig` a git tare da lambar direbanka. Sannan ka rubuta ɗan gajeren umarni da zai gudana a kowane tashi, ya duba abubuwan da wannan allon ya kamata ya samu, wato /dev/rtc0, fayil ɗin zafi, da ƙofar modem a /dev/ttyUSB, ya haɗa sunan duk wanda bai gani ba cikin saƙon farko da zai turo maka. Jerin abin da ake tsammani ya zauna a fayil daban na kowane kwastoma, domin allon da dama ba shi da ma'aunin zafi kada ya riƙa kukan rashinsa, wanda yake da shi kuma kada ya yi shiru. Ka gwada umarnin a shago ta hanyar zare agogon da modem ɗaya bayan ɗaya, kana sake kunna allon kowane karo, har sai ka ga saƙon da ya dace ya shigo wayarka, ko ya bayyana a fayil ɗin rahoto idan modem ɗin ne ka zare.